Sensar bawul ɗin kewaye intakula: kurakuran da ke cin kuɗi a banza

Mota mai turbo ta kunna fitilar gargaɗin inji, ƙarfinta ya ragu, an jona sikana, na'urar karanta lambobin matsalar mota, ta nuna P024C ko ɗaya daga cikin 'yan uwanta, P024D, P024E da P024F. Tun kafin a zare sikanar, wani har ya aika a sayo sabuwar sensar bawul ɗin kewaye intakula, wadda waɗannan lambobin ke magana a kan layinta. Na gaji da ganin wannan a wajen masu koyo, kuma abin haushin shi ne, ba ƙaramin kuɗi ke tafiya ba.

Turbo na matse iska, iskar da aka matse kuma zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta intakula ta huce kafin ta shiga inji. Wasu injuna suna da wata hanya ta gefe mai 'yar ƙofa, wato bawul ɗin kewayewa, wadda kwamfutar mota ke buɗewa idan ba ta son iskar ta huce, misali lokacin da inji bai yi ɗumi ba. Aikin sensar ɗaya ne tak: ta gaya wa kwamfuta inda ƙofar take. Yawanci wayoyinta uku ne, ta volt 5, ta nagetib, da ta sigina, wadda a galibin motoci ke yawo tsakanin kusan volt 0.5 da 4.5 gwargwadon buɗewar ƙofar.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lambar sikana a matsayin hukunci. Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi abin da ke isowa kwamfuta ta wannan layin bai yi mata daidai ba, layin kuwa ya haɗa da soket, da wayoyi, da ita kanta ƙofar. P024E na nufin sigina ya yi ƙasa fiye da kima: wataƙila volt 5 ɗin ba ta zuwa, ko wayar sigina ta goge tana taɓa jikin mota. P024F na nufin ya yi sama, kuma sau da yawa nagetib ce ta katse. P024D ita ce ta fi yaudarar mutane, domin wutar tana cikin iyaka, sai dai kwamfuta ta ce ƙofa ta buɗe, sensa ta ce ba ta motsa ba. A nan sau da yawa sensar gaskiya take faɗa, ƙofar ce ta maƙale.

Wannan ya taɓa ƙona ni ƙwarai. Wani yarona ya karɓi mota ba na nan, ya ga lamba, ya sa mai ita ya sayo sabon kaya. A irin wannan injin sensar a haɗe take da 'yar motar lantarkin da ke juya ƙofar, ba a sayar da ita ita kaɗai, don haka dunƙulen gaba ɗaya aka saya. Aka ɗaura, aka goge lamba, mai mota ya tafi. Bai yi nisa ba fitila ta dawo. Da na zare soket ɗin na haska da tocila, sai ga fil ɗin tsakiya ya yi kore shar, ruwa ya shiga ta inda robar bakin soket ta tsage. Kayan lantarki kuma in an ɗaura ba a mayarwa. Daga aljihuna kuɗin suka fita, tsohon kayan kuwa lafiyarsa ƙalau. Na ce masa, kai, mitar auna wuta tana rataye a gabanka, me ya hana ka taɓa ta? Ya ce ai kwamfuta ta riga ta faɗa. To wannan maganar ce ba na son in sake ji daga bakin kowa.

Ni dai ga al'adata, wani na iya yin daban. Makulli a kunne, inji a kashe, in zare soket in auna volt 5 da nagetib tukuna. In babu volt 5, ba na kallon sensar ma, domin a motoci da yawa sensa biyu ko uku ke shan wannan wutar daga tushe ɗaya, kuma guda ɗaya in ta yi shot, wato wutarta ta haɗu da nagetib, sai ta ja sauran ƙasa. Ganin P0641 tare da lambarka alama ce ta haka. Sai ka riƙa zare sauran ɗaya bayan ɗaya har wutar ta dawo. In wutar ta cika, sai in mayar da soket, in umarci ƙofar ta motsa daga sikana, idona a kan sigina. Ya kamata ya hau a hankali ya sauka a hankali. In ya yi tsalle ko ya ɓace a tsakiya, sannan ne nake zargin sensa. Kafin nan ma sai na girgiza damin wayoyin da hannu, musamman inda suka ratsa kusa da bututu mai zafi ko gefen ƙarfe, in ga ko sigina zai motsa.

Kuskure na biyu abin kunya ne, amma kullum ana yinsa: gyaran bawul ɗin da ba shi ba. Injin turbo na iya samun abu uku da ake ce wa bawul na kewayewa. Akwai wesget a ɓangaren hayaƙi, mai rage gudun turbo. Akwai wanda ke mayar da iskar da aka matse baya idan direba ya ɗage ƙafa daga totur, lambobinsa su ne P0033 zuwa P0035 da P2261. Sai namu, na intakula. Mutum ya ji an ce bawul, sai ya kwance wanda ya fi saukin kaiwa hannu. Haba malam! Buɗe zanen wayoyin wannan injin, ka bi launin waya har soket. Ba kowace mota mai turbo ce ma take da ƙofar kewaye intakula ba, kuma sikana mai arha takan kawo bayanin da bai dace da motar ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rana. Kada ka goge lamba kafin ka karanta bayanan da kwamfuta ta adana lokacin da matsalar ta faru. Zafin inji da gudunsa a wannan daƙiƙar su ne za su nuna maka ko da sanyin safiya abin ke tashi. Huda waya da allura don aunawa buɗe wa ruwa ƙofa ne, ka shiga ta bayan soket. Fitilar gwaji mai ƙwai ba ta layin volt 5 ba ce. Batir mai rauni yana zubo lambobi barkatai, auna shi tun farko.

In ƙofar ce ta maƙale da baƙin mai da kunkunniya, cire ta ka wanke a waje, kada ka fesa maganin wanki cikin ɓangaren lantarkinta, kuma kada ka murɗa ta da ƙarfi, haƙoran giyar ciki sau da yawa na roba ne. Ɗan maiƙo a cikin bututun iska ba dalilin sauya turbo ba ne, mai da ya taru har yana zuba shi ne abin bincike. Idan kuwa da gaske sai an sauya kayan, duba ko motar na bukatar a koya wa kwamfuta iyakar buɗewa da rufewar sabuwar ƙofar ta sikana. In ka tsallake wannan, P024D na iya dawowa a kan sabon kaya fil, ka koma zargin mai sayarwa da kawo jabu.