Zane ya fito a Jupyter, ya ƙi fitowa a fayil: kurakuran da aka fi yi da Matplotlib

Na gaji da jin ƙorafi iri ɗaya daga masu koyon Python da ke amfani da Matplotlib, kayan aikin zana jadawali: "Malam, a Jupyter zanen ya fito, da na kwashe aikin zuwa fayil ɗin .py sai shiru." Babu abin da ya lalace. Jupyter, inda ake rubuta Python cikin akwatuna ana gudanar da su ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya shagwaɓa ku: da zarar akwati ya gama aiki, shi da kansa yake ɗauko zanen ya liƙa a ƙarƙashinsa. Fayil kuwa ba ya yi wa kowa wannan hidima. In ba ka rubuta plt.show() ba, shirin zai zana a ƙwaƙwalwa, ya gama, ya fita abinsa.

Layin nan na %matplotlib inline, a goge shi kafin a kwashe. Umarnin IPython ne, wato injin da ke gudanar da Python a Jupyter; Python zalla SyntaxError zai ba ka.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne farin hoto. Mutum ya rubuta plt.show(), sannan plt.savefig() a ƙasansa. To, show yana tsayar da shirin har sai ka rufe tagar, rufewar kuma ta tafi da zanen. Savefig ya zo bai tarar da komai ba, sai ya buɗe sabon zane wayam ya adana. Ko gargaɗi babu! Fayil ɗin PNG na nan da sunansa, lafiya lau a ido. Haka na taɓa tura wa mai aiki hotunan rahoto fari fat, sai da ya kira ni da dare yana faɗa. Haba jama'a, buɗe hoton kafin a tura shi wace wahala ce? A Jupyter ma tarkon na nan, domin yana rufe zane a ƙarshen kowane akwati. Ka sa plt.savefig() a akwati na gaba, fari za ka samu.

Adanawa kafin nunawa, kullum. Ni dai yanzu da fig, ax = plt.subplots() nake farawa, in adana da fig.savefig(), don in san zanen da nake riƙe da shi. Wasu na ganin tsawaitawa ce. Ban yarda ba.

A sabar da ba ta da allo, Matplotlib kan koma Agg, wanda ba ya buɗe taga; kar ka wahalar da show, ka adana kawai. In kana zane cikin maimaici (loop), rufe kowanne da plt.close(fig), don in sun wuce 20 a buɗe zai fara gargaɗi, ƙwaƙwalwa na cika. Rubutun Line2D da ke fitowa saman zane a Jupyter kuwa, sa alamar ";" a ƙarshen layin ƙarshe yana kawar da shi.