Yadda ake haɗa kurkum da citta saboda ciwon gwiwa

Da hunturu ya fara busowa a Kumasi sai ka ga tsofaffinmu na Aboabo suna jan ƙafa in za su masallacin asuba. Ga haɗin da nake yi wa Hajiyarmu, amma fa yawancinmu zuba garin kurkum muke a ruwan zafi mu kurɓe, wallahi asarar kurkum ce kawai.

Abin da ke aiki a cikinsa sinadari ne mai suna kurkumin, shi ne rawayan nan da ke kama farce, kuma bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na busasshiyar saiwar ba. Ba ya narkewa a ruwa sai a maiƙo, ga hanta tana saurin fitar da shi tun bai zaga jiki ba. Nan masoro ke shigowa, sinadarin fiferin da ke cikinsa yana rage wa hanta wannan saurin. Ita citta nata jinjerol ne, in ta bushe ya koma shogawol mai yaji sosai, a gwajin ɗakin bincike dukkansu suna danne COX-2, wani sinadarin jiki da ke kunna kumburi.

To da farko je kasuwar Kejetia ki sayi ɗanyen kurkum, ki karya ki ga cikinsa ya yi ruwan goro, garin leda ban yarda da shi ba don akan samu mai haɗin kala. Wanke, kankare bawon da cokali, kurkum kamar rabin babban yatsa citta ma haka. Niƙa su a asanka, wato kaskon niƙa na yumɓu, sai ki zuba ruwa kofi 2 ki bar shi a ƙaramar wuta minti 10, ki tace. Tun da zafinsa ki sa man kwakwa ƙaramin cokali ɗaya ko madara, ki barbaɗa dakakken masoro ɗan kaɗan. Zuma sai ya ɗan huce.

Kofi ɗaya a rana bayan abinci, kuma ba kwana biyu ake ganin sauƙi ba, Hajiya sai da ta yi makonni.

Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, mai tsakuwar matsarmama, da mai juna biyu, su tambayi dokita tukuna. Gwiwa in ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, wannan asibiti ne yau yau.

Af, kar ki yi aikin nan da farin mayafi, nawa har yanzu tabon na nan.