Yadda Ake Rubuta Tuban Tauraro Mai Hali Biyu Ta Yadda Masu Karatu Za Su Gamsu

A cikin labaran almara masu cike da sihiri da sarauta da yaƙe-yaƙe, akan sami tauraron da ba ya cikin sahun mutanen kirki, kuma ba za a iya jefa shi kai tsaye cikin miyagu ba. Idan marubuci ya yanke shawarar shiryar da irin wannan tauraro a ƙarshen labari, masu karatu kan rabu gida biyu, wasu su karɓe shi hannu bibbiyu, wasu kuma su ce tuban muzuru ne kawai. Yawancin wannan saɓani yana tasowa ne daga wuri guda, wato marubucin ya yafe wa tauraronsa a madadin mutanen da aka zalunta a cikin labarin, alhali kuwa haƙƙin ba nasa ba ne.

Abin da ya kamata marubuci ya fara yi shi ne ya koma babin farko, ya rubuta duk laifin da tauraron ya aikata da sunan wanda aka yi wa. Mai karatu ba ya auna laifi da yawan waɗanda suka mutu, yana auna shi da kusancinsa da wanda aka cuta, shi ya sa zai iya mantawa da birnin da aka ƙone a layi biyu, amma ya riƙe wulaƙancin da aka yi wa yaron da ya sani da suna. Severus Snape, malamin makarantar sihiri a littattafan Harry Potter da J.K. Rowling ta rubuta, ya isa misali. Littafin ƙarshe, wanda ya fito a 2007, ya bayyana cewa ya daɗe yana yi wa Dumbledore, shugaban makarantar, leƙen asiri a cikin miyagu saboda son da yake yi wa mahaifiyar Harry, har ma Harry ya sanya wa ɗansa sunansa. Duk da haka masu karatu da yawa ba su sauko ba, domin wannan bayani ya warware batun ɓangaren da yake yi wa aiki, amma bai taɓa muzguna wa ɗalibai irin su Neville da ya riƙa yi a aji ba.

Daga nan sai marubuci ya bambanta tsakanin bayyana dalili da biyan haƙƙi, domin a nan ne sababbin marubuta suka fi tuntuɓe. Nuna cewa tauraron ya tashi cikin ƙunci, ko an ci amanarsa, yana jawo tausayi, amma tausayi ba ya goge laifi. George R.R. Martin ya yi amfani da wannan bambanci a kan Jaime Lannister, wanda ya tunkuɗo yaro Bran daga tagar hasumiya a littafin farko na jerin A Song of Ice and Fire, wanda ya fito a 1996. A littafi na uku da ya fito a 2000, an shigar da mai karatu cikin tunanin Jaime, an sare masa hannun da yake riƙe takobi da shi, sannan aka ji daga bakinsa cewa ya kashe Sarki Aerys ne don ya hana shi ƙone birni da jama'ar cikinsa. Wannan ya wanke shi daga laifin da duniyar labarin take zaginsa a kai, amma laifin Bran yana nan daram, kuma marubucin bai yi ƙoƙarin sharewa ba. A ganina barin laifin a fili shi ne ya sa mutane suka ci gaba da bin Jaime ba tare da jin an raina musu hankali ba.

Mataki mafi wahala shi ne gina sauyin kansa. Mai karatu ya shigo labari da yaƙinin cewa hali zanen dutse ne, saboda haka duk wanda zai nuna masa akasin haka dole ya kawo hujja a hankali. A shuka alamun alheri tun da wuri, ƙanana waɗanda za a iya wucewa ba a lura ba, sannan a ba tauraron damar gyarawa, a bar shi ya faɗi. Zuko na shirin zane mai motsi Avatar: The Last Airbender, wanda aka nuna daga 2005 zuwa 2008, ya sami irin wannan dama a ƙarshen zango na biyu, amma ya bi ƙanwarsa Azula, ya juya wa Iroh baya, ɗan'uwan mahaifinsa da ya riƙe shi tamkar ɗa. Ya koma fadar mahaifinsa sarki, ya sami matsayi da yardarsa da ya daɗe yana nema, kuma a lokacin da komai yake hannunsa ne ya ajiye ya fita da ƙafarsa. Darasin da ke nan shi ne a sanya tuba a lokacin da mugun hali yake biya wa tauraron buƙata, domin wanda ya tuba bayan an ci shi da yaƙi, mai karatu zai ɗauka mafaka yake nema. Bayan ya koma ɓangaren jaruman shirin ma, Katara, ɗaya daga cikinsu, ta ƙi amincewa da shi na wani lokaci, har da yi masa gargaɗi mai zafi. Wajibi ne a sami irinta a kowane labari, wadda za ta faɗi abin da ke ran mai karatu mai shakka, kuma kada marubuci ya mayar da ita mai taurin zuciya don ta ƙi yafewa da wuri.

Labarin almara yana da wasu hanyoyin tsira guda biyu masu ruɗar marubuci. Ta farko ita ce ɗora laifi a kan sihiri, a ce la'ana ce ko wani iko ne ya juyar da tauraron, wanda hakan kan kashe tuban gaba ɗaya, tun da wanda bai zaɓi laifi ba ba shi da abin da zai yi nadama a kai. Ta biyu ita ce mutuwar sadaukarwa. Boromir na littafin J.R.R. Tolkien, The Lord of the Rings, ya tsallake duka biyun, domin ko da yake zoben sihirin da labarin ya ginu a kansa ne ya rinjaye shi, ya furta wa Aragorn da bakinsa cewa ya yi yunƙurin ƙwace shi daga hannun Frodo, bayan ya sha kibau wajen kare Merry da Pippin. Laifinsa na ɗan lokaci ne, kuma ya ɗauki alhakinsa, shi ya sa mutuwar ta wadatar. Ga wanda ya shekara yana zalunci kuwa, mutuwa a shafin ƙarshe tana kuɓutar da shi daga fuskantar waɗanda ya cuta, kuma masu karatu suna gane hakan.

Idan an kammala rubutun farko, a ba mutum uku ko huɗu su karanta, amma kada a tambaye su ko suna son tauraron. A tambaye su a wane babi ra'ayinsu ya fara sauyawa, da kuma wane ne a cikin waɗanda aka zalunta suke jin ba a biya shi ba. Idan duk suka nuna babin ƙarshe, sauyin ya zo da gaggawa, sai a koma tsakiyar littafin a ƙara aiki. Idan kuwa suka yi ta jayayya a kan ko ya cancanci yafiya, amma babu wanda ya ce ba zai iya aikata abin da ya aikata ba, to a bar babin yadda yake.