Yadda za ka bibiyi garken barewa shekara da shekaru

Da farko zaɓi wuri guda, kamar gefen dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Je da sassafe ko gab da magariba, ka zauna inda iska ke kaɗowa daga wajensu zuwa gare ka, don barewa tana sansano mutum tun daga nesa. Ka natsu, ban da motsi.

Sai ka gane kowace da alamarta. Ƙahon namiji ya fi kauri, na mace siriri ne, wata kuma kunnenta a tsage. Rubuta kwanan wata da adadinsu a littafi.

Barewa tana ɗaukar ciki kusan wata 6. In ka tarar da ɗanta kwance lamo cikin ciyawa, don Allah kar ka taɓa shi, uwar tana kusa. Baɗi war haka ka koma ka sake ƙirgawa.