Yadda za a koya wa yaro sunayen tudu, kwari da ruwaye daga ƙasar da yake takawa

Yaron da ya tashi a Garwa, Marwa ko Kusiri a arewacin Kamaru kullum yana ganin kogi da dutse da fadama, amma a aji sunayensu kan zo masa da Faransanci, a jere a kan allo, ya haddace yau ya manta jibi. Kalma tana zama a kai ne idan an ɗaure ta da wuri guda da yaron ya sani, aka kuma ba shi tambayar da za ta raba ta da 'yar'uwarta.

A fara da ruwa, don nan ne ruɗanin ya fi yawa. Tambayoyi uku sun isa. Ruwan yana tafiya ne ko yana kwance? Yana ƙafewa da rani? A ina yake ƙarewa?

Ruwan da ke tafiya, babbansa shi ne kogi, kamar Binuwai a Garwa, ko Logon da Shari. Rafi ƙanensa ne, ƙorama kuma ta fi rafi ƙanƙanta. Inda ruwa ya fara fitowa daga ƙasa shi ne maɓuɓɓuga ko idon ruwa. Inda koguna biyu suka gamu mahaɗa ce, kuma yaron Kusiri ba ya buƙatar zane, domin a gabansa Logon yake zuba cikin Shari, Njamena na ƙetare. Tambaya ta biyu tana da nauyi a ƙasarmu. Mayo Kaliyawo da Mayo Canaga da suka ratsa Marwa suna cika da damina, da rani kuwa sai yashi, har a tsallaka da ƙafa. Kada a bar yaro ya ce ba koguna ba ne don ya gan su a bushe. Kogin damina ne, kuma a taswira da ɗige-ɗigen shuɗin layi ake nuna shi, mai gudu duk shekara kuma da layi marar yankewa.

Ruwan da ke kwance kuma, girmansa da daɗewarsa ake dubawa. Kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne ruwan sama ya taru a ciki. Tafki yana da faɗi, yana kai rani. Akwai na Allah, kamar Tafkin Chadi da Fitri da Lere, akwai wanda madatsa ta tara, kamar na Maga da aka yi a 1979 don noman shinkafa, da na Lagdo da aka kammala a 1982 a kan Binuwai. Fadama kuwa ƙasa ce da ruwa ke kwanciya a kai ya janye. Mafi girman misalinta a nan shi ne yayre, filin da Logon ke malalewa duk shekara har wajen Waza.

Tambaya ta uku ita ce ke fitar da yaro daga unguwarsu. Binuwai yana haɗuwa da Neja a Lokoja, ruwansa ya ƙare a tekun Atalantika. Shari bai taɓa ganin teku ba, a Tafkin Chadi yake ƙarewa, kuma shi ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin. A nan ne ake koyar da tsibiri, da misalin Darak. A kula da shekarar taswira: a 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu ƙwarai, don haka tsohuwar taswira za ta nuna ruwa a inda yau ake noma.

Sunayen ƙasa sun fi sauƙi. Tudu wuri ne da ya ɗaga kaɗan, kwari wanda ya faɗa, gangare abin da ke tsakaninsu. Tsauni sai an hau da wahala, irin jerin tsaunukan Mandara. Dutsen Mindif shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar fili, tsinin Rumsiki kuma ragowar dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa. Kwazazzabo tsaga ce mai zurfi da ruwa ya ci. Jigawa tudun yashi ce, fako kuma ƙasa mai tauri da ba ta shan ruwa, wadda Fulani ke kira harde. Abin da ke ba yara wuya shi ne shimfiɗaɗɗen tudu, wato ƙasa mai tsawo wadda samanta fili ne. Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san hawan da mota ke nishi a kansa, sannan a fito fili mai sanyi, wanda ya ɗara matakin ruwan teku tsayi da sama da mita 1,000. Wannan shi ne tudun Adamawa, daga nan Binuwai ya taso.

Bayan bayani sai hannu ya taɓa ƙasa. A share fili a tsakar gida, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A kawo bokiti biyu na yashi, ɗaya na laka, buta biyu na ruwa, gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, da karare da guntun takardu. A cuɗa yashin da lakar da ɗan danshi, a shimfiɗa, gefe ɗaya ya fi ɗayan tsawo da kamar santimita 20. A can sama a tara tsauni biyu, a ƙasa a haƙa ɗan rami a shafe shi da laka zalla. Yaron ya riƙe gwangwanin a kan tsaunukan, a dinga zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan. Ƙorama za ta fito, biyu su haɗu, ruwan ya taru a ramin. Shi zai rubuta sunaye ya kafa kowane kara a wurinsa.

Abin da ke ɓata aikin sananne ne. Busasshen yashi zalla yana shanye ruwan, ba a ga komai. Idan aka kwarara daga bakin buta, tsaunin zai rushe gaba ɗaya. Idan gangaren ya yi tsaye da yawa, ruwan zai sheƙa a miƙe, ba lanƙwasa, ba fadama.

Akwai kuskuren da har manya ke yi, kuma ya kamata a tare shi da wuri. Taswirar da ke rataye a bango arewa ce a sama, sai yaro ya ɗauka ruwa daga arewa yake gangarowa kudu. Logon da Shari arewa suke nufa, domin kwarin Tafkin Chadi ya fi ƙasar kudu faɗawa. A sauke taswirar a shimfiɗa ta a ƙasa, arewarta na kallon arewa, a nuna masa launi: kore ƙasa ce mai kwari, ruwan ƙasa mai duhu tsauni, kamar Emi Kusi a Tibesti mai mita 3,415.

Sunayen wurare ma malamai ne. Mayo da Fulatanci kogi ne, hosere dutse. Da Larabcin Chadi bahar kogi ne ko babban ruwa, hajar dutse, wadi kuma kwarin da ruwa ke bi da damina. Yaron da ya riƙe waɗannan biyar zai karanta rabin taswirar yankin ba tare da an gaya masa ba.

Kalma biyar a mako ta wadatar, kowacce da sunanta na Hausa, na Faransanci, da wuri ɗaya na gaske. A kai shi bakin mayo ɗaya sau biyu, a Satumba da kuma a Afrilu, ya zana abin da ya gani a shafi biyu masu kallon juna. Da damina a tsaya a kan gada ko nesa da gaɓa, domin ruwan da aka yi a tsaunuka yakan iso gari ko da sama tana garau.