Kurakuran da ake yawan yi da gasifaya ta buntun shinkafa

Mafi yawan masu cewa gasifaya, wato na'urar da ke mayar da buntu gas don tayar da janareta, ba ta aiki, in ka bi diddigi ba na'urar ce da laifi ba, abin da aka zuba mata ne. Wasu ma ɗaukarta suke kamar bayogas, wato gas ɗin da ake samu daga ruɓaɓɓen kashi da shara, su kawo ɗanyen kashin shanu ko sharar kicin mai ruwa. A'a fa. Bayogas ruɓewa ce, ita kuwa gasifaya wuta ce da ake ƙuntata wa iska, ana ba ta kamar kashi ɗaya cikin huɗu na iskar da take so, sai busasshen buntu ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa ya koma gas mai kamawa. Ba sabon abu ba ne ma, a yaƙin duniya na biyu motoci kusan miliyan ɗaya a Turai da gas ɗin itace suka yi tafiya.

Babbar matsala danshi. Da ya haura kashi 20 cikin ɗari zafin ciki zai sauka, maimakon ya kai digiri 800 ko fiye sai ya tsaya yana ta hayaƙi, daga nan sai wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta ya biyo gas ɗin ya je ya liƙe bawul da fistin na janareta, washegari ka zo tayarwa ya ƙi motsi kana zagin makanike. Ka shanya kayanka sosai, da damina ka rufe da tamfol.

Gaggawa ma tana kashe inji. Kada ka tura gas ɗin farko cikin janareta, ka ƙona shi a waje tukuna har harshen wutar ya yi tsabta. Kuma dole ya bi ta abin cire ƙura, ya huce, ya ratsa filta ta gawayi ko garin katako, filtar nan a riƙa canza ta. Ruwan da aka wanke gas da shi kuma don Allah ban da zubarwa a kwata, guba ne.

Buntu toka gare shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, in ba a kwashewa sai ta toshe hanyar iska. Garin katako zalla shi ma toshewa yake, sai an curo shi dunƙule-dunƙule.

Sai masu sa ran ƙarfi ɗaya da fetur. Rabin gas ɗin naitirojin ne da ba ya ci, don haka inji kan rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye, injin dizal kuma sai an bar masa ɗan dizal.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kafa ta cikin ɗaki. Kusan kashi 20 cikin ɗari na gas ɗin kabon monoksaid ne, wata iska mai guba, ba wari ba launi, mutum zai ji ciwon kai da jiri kawai ya sulale. A fili za a kafa ta, a riƙa duba mahaɗar bututu da ruwan sabulu, mai gadi kuma kada ya kwana kusa da ita don jin ɗumi lokacin hunturu.