Darasi na Bakwai: Sabon Ofishin 'Yan Kwana-kwana

A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a babbar kasuwar Katsina, ta cinye shaguna masu yawa. Garin kuwa sai ƙara faɗi yake yi. In aka zo gina sabon ofishin 'yan kwana-kwana, aka nemi shawarar mai unguwa da jama'arsa, me za ku ce?

Fili dai ya kasance a bakin titi, inda mota za ta fita ba tare da ta ja da baya ba. Wanda ya san lungunan cikin gari, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Marusa, ya san babbar mota ba ko'ina take shiga ba. Don haka a bar wurin ajiye ƙaramar mota ma.

Ruwan da ke cikin motar kashe gobara ba ya daɗewa, cikin 'yan mintoci ya ƙare. Ofishin yana bukatar rijiyar burtsatse da babban tanki, da injin ɗebo ruwa wanda bai dogara da wutar lantarki ba.

Sai ɗakin ajiya. Shi ake fara ragewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, kuma kuskure ne babba. Mesar da aka naɗe da danshi takan yi fumfuna ta ruɓe. Wadda aka yar a rana kuwa tsagewa take yi, ranar gobara ruwa ya riƙa tsartuwa ta gefe. A yi wurin shanya mesa a inuwa, a kafa kantoci na riguna da takalma da hulunan kwano. Jarkokin sinadarin kumfa, wanda ake kashe wutar fetur da shi, a sa su wuri mai sanyi. Man mota kuma ɗakinsa daban, nesa da inda ma'aikata ke kwana.

A bayan ofis a bar fili na atisaye, inda za a shimfiɗa mesa har ƙarshenta, a jingina tsani a doguwar katanga. Kafin hunturu ya kama, nan za a tara 'yan kasuwa da matan gida su koyi kashe wutar gas.

Aiki: Ku zana ofishin a littafinku. Ku rubuta sunan kowane ɗaki, ku nuna ƙofar fitar mota da kibiya.